Wasiƙa Daga Landan: Masu Gida Sun Hana, Marasa Gida Ba Sa Wurin

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da iyali, da harkoki. Mu ma nan alhamdulillahi, sai sanyi da tsadar haya.

Yau labarin rigimar unguwa zan ba ku. Ina zaune a Edmonton, cikin ƙaramar hukumar Enfield da ke can ƙarshen arewacin Landan. Mutanenta sun kai kimanin 330,000, kuma kusan gari biyu ne a haɗe. Gabas, inda muke, nan ne wurin baƙi da 'yan haya da masu aikin dare. Yamma kuwa, wajen Winchmore Hill da Southgate da Cockfosters, gidaje ne masu lambu gaba da baya, kowane da mota ɗaya ko biyu a ƙofa. Fiye da shekara goma ke nan ana ta kai ruwa rana a wannan yanki a kan abu biyu: hanyar keke da ginin gidaje. Na san wani zai yi dariya ya ce Turawa sun ƙoshi, shi ya sa suke faɗa a kan keke. Ku dai saurara.

Abin ya samo asali ne a 2014, lokacin Boris Johnson yana magajin garin Landan. Ya zaɓi ƙananan hukumomi uku na gefen gari, Enfield da Waltham Forest da Kingston, ya ba kowace kusan fam miliyan 30 don a gyara titunansu su yi kama da na Holan, inda yaro da tsoho ke hawa keke ba fargaba. A Enfield aka yanki gefen babban titin Green Lanes aka keɓe wa masu keke. Masu shaguna suka ce an cinye musu wurin ajiye mota, ciniki zai mutu. Aka kafa ƙungiya, aka manna takardu a tagogi, har kotu aka je, amma aikin bai tsaya ba. Maƙwabtanmu na Walthamstow, cikin Waltham Forest, sun fi mu iya wasan kwaikwayo: a 2015, ranar da aka buɗe titin Orford bayan an taƙaita shigar motoci, akwatin gawa suka ɗauko, wai unguwarsu ce ta mutu. Yanzu in ka je titin nan ranar Asabar da kyar za ka sami kujera a gidan shayi.

Sai korona ta zo a 2020. Mutane suka guji bas da jirgi, gwamnati ta ji tsoron kowa zai fito da motarsa gari ya cushe. Ministan sufuri na lokacin, Grant Shapps, ya ware fam miliyan 250 ya ce ƙananan hukumomi su hanzarta buɗe wa masu keke da masu tafiya a ƙasa hanya. Ku riƙe sunan nan, zai dawo. Daga nan aka fara toshe lungunan unguwanni da manyan akwatunan katako masu furanni, ko a kafa kyamara. Mai keke ya wuce, mai ƙafa ya wuce, mai mota kuwa sai ya zagaya ta babban titi, in ya kutsa takardar tara ta iske shi har gida, fam 130 a lokacin. A Enfield an yi wa unguwannin Bowes da Fox Lane haka, kuma an bar su daram. A ƙaramar hukumar Ealing an cire yawancinsu a 2021 saboda ƙorafi. A Kensington kuwa hanyar keken da aka shimfiɗa a babban titinsu ko wata biyu ba ta yi ba aka tuge ta.

Ba zan ce masu ƙorafi duk son zuciya ne ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan'uwanmu da yawa a nan tasi suke tuƙawa, ko rabon kaya gida-gida, ko zagayen kula da tsofaffi, inda za a ba mace gida shida ko bakwai ta leƙa kafin azahar. Irin wannan in aka ƙara mata zagaye a kowace tafiya, abincinta aka taɓa. Akwai kuma maganar da ta fi ci mini rai: in aka kori motoci daga lungun masu hali, ina suke komawa? Babban titi. Su wa ke zaune a bakin babban titi, a ɗakunan saman shaguna? Mu. Masu goyon bayan tsarin suna cewa da tafiya ta yi tafiya motocin kan ragu gaba ɗaya, wasu su koma bas ko keke. Wataƙila. Amma wanda tagarsa ke kallon babban titin North Circular ba ya jin wannan lissafi, hayaƙi yake shaƙa. Kuma hayaƙin nan yana kisa: a 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara 9 da ta rasu a 2013, wadda gidansu ke kusa da titin South Circular. Kowane ɓangare na kafa hujja da wannan. Duk da haka ni dai ina tare da hanyar keke, don gida huɗu cikin goma a Landan ba su da mota ko ɗaya, kuma titi ba na masu mota kaɗai ba ne.

Inda na daina tausaya wa masu ƙorafi shi ne maganar gidaje.

A Cockfosters jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly yake ƙarewa. A jikin tashar akwai makeken fili da ake ajiye motoci, mallakar hukumar sufurin Landan. Mutum ya taso daga garuruwan bayan Landan, ya bar motarsa nan, ya shiga jirgi. Hukumar ta ce bari a gina gidajen haya 351 a wurin, kashi 40 cikin 100 masu rahusa, tunda wanda ke kwana a bakin tasha ba ya bukatar mota. Ƙaramar hukuma ta amince a farkon 2022, da kyar. Mutanen unguwa suka tashi: benayen sun yi tsawo, za su ɓata kyan wurin, asibiti da makaranta za su cika, mata masu dawowa da dare ina za su ajiye mota? 'Yar majalisar mazaɓar da ke maƙwabtaka da wurin, Theresa Villiers, ta shige musu gaba. Cikin 'yan makonni ministan sufuri ya yi amfani da ikonsa ya hana a ba da filin. Wane minista? Grant Shapps ɗin nan dai, wanda shekara biyu kafin nan yake wa mutane wa'azin su ajiye mota su hau keke. Mazaɓarsa, Welwyn Hatfield, tana arewa da tashar kaɗan. Ban ce komai ba.

Sai da jam'iyyar Leba ta karɓi mulki a Yulin 2024, zaɓen da Shapps da Villiers duka suka rasa kujerunsu, sannan sabuwar minista ta janye hanin. Shekara biyu da rabi fili na kwana da motoci. A daidai wannan lokaci iyalan da ke zaune a masaukin wucin gadi a Ingila suka haura 100,000, kuma Enfield na cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. Uwa da 'ya'ya uku a ɗakin otal guda, ba murhu, ba wurin wanki, wata da watanni. Wasu kuma a ce musu an samo musu gida amma a wani gari mai nisan sa'o'i, su bar aiki da makarantar yara. Na san masu irin wannan hali a masallacinmu.

Dalilin da ya sa ƙorafi ke da ƙarfi haka a ƙasar nan shi ne dokar tsara gari ta 1947. Ko filinka ne, ba ka gini sai da izini, kuma kafin a ba da izini sai an liƙa sanarwa an ji ta bakin maƙwabta. Wannan abu ne mai kyau, kuma duk wanda ya taɓa wayar gari ya ga jan fenti a bangon shagonsa, katafila na biye, ya san darajarsa. Sai dai ku duba su wa ake tambaya. Wanda ya riga ya mallaki gida a wurin, yana da lokacin zuwa taron ƙarfe bakwai na yamma, ya iya rubuta takardar ƙorafi mai shafi biyar, ya san lambar kansilansa. Wanda zai zauna a gidan da ba a gina ba fa? Ba shi da adireshi a unguwar, ba a aika masa takarda, yana can bakin aiki ko a ɗakin otal. Kuma mai gida ya sani sarai cewa muddin gidaje suna ƙaranci, nasa yana ƙara daraja. Ba ya faɗin haka a taro, sai ya kawo maganar tsuntsaye da inuwar bene.

Yanzu faɗan ya koma kan filayen da suka kewaye Landan, waɗanda aka haramta gini a kansu tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce don kada birnin ya yi ta cin ƙauyuka. Green Belt ake ce musu, kuma sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na Enfield. Ƙaramar hukuma ta fito da shirin gina dubban gidaje a cikinsu, a Crews Hill da wani yanki da ta sa wa suna Chase Park. Crews Hill na da tashar jirgin ƙasa, kuma yawancin abin da ke wurin rumfunan sayar da furanni ne da tukwanen shuka. Gwamnatin Leba ta Keir Starmer ta yi alkawarin gidaje miliyan 1.5 a Ingila cikin shekara biyar, ta kuma sassauta dokar irin waɗannan filaye. Masu adawa na cewa a fara gina tsoffin filayen masana'antu tukuna, suna nuna Meridian Water da ke gefenmu, inda aka yi alkawarin gidaje 10,000 amma aikin ke tafiyar hawainiya. A nan suna da gaskiya. Amma fa Meridian Water a gabas take, tsakanin manyan tituna, kusa da injin ƙona shara na Edmonton. Ma'ana, a gina, amma a wajen su wane.

Abin da har yanzu nake damuwa a kai shi ne irin gidajen da za a yi. In aka zuba su a Crews Hill ba bas mai yawa, ba shago kusa, ba hanyar keke, kowane gida sai ya sayi mota, motocin kuma ta Green Lanes da babban titin A10 za su biyo su iske mu. Mutanen da suka ƙi hanyar keke saboda cunkoso su ne kuma suka ƙi gidajen bakin tasha, waɗanda ba sa kawo cunkoso. Na rubuta wa ƙaramar hukuma ra'ayina a kan haka, na kuma roƙi limaminmu ya riƙa sanar da ranakun jin ra'ayin jama'a bayan sallar Juma'a, ko mutum biyar daga cikinmu sa je.

A gaida kowa da kowa, manya da yara. Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku a Edmonton, Landan