S. Banerjee Nawa Ne?

A shekarata ta farko a ɗakin labarai aka ɗora ni a teburin wasanni, ni da ban san komai ba sai ƙwallon ƙafa. Wata ranar Talata babban editanmu, dattijon da ya yi karatu a Indiya tun yana saurayi, ya ce in haɗa shiri na minti goma a kan 'yan wasan kurket, wato wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, na yankin Bengal. Na kwana ina tono tsofaffin jadawalin wasanni. A karawar da Indiya ta yi da West Indies, wato tawagar tsibiran Karebiyan, a kakar 1948 zuwa 1949, na ga sunan S. Banerjee a wasan Kalkata, na sake ganinsa a wasan Bombay. Can gaba, a 1992, ga wani S. Banerjee a Sidni ta Ostireliya. Sai na rubuta cewa Banerjee ya buga wa ƙasarsa wasa biyu, ya fitar da masu bugu goma, daga baya jikansa ya gaje shi. Har na ƙara da cewa gidan ne ya haifi Mamata Banerjee, wadda ta zama babbar ministar jihar Bengal ta Yamma a 2011.

Da safe Malam ya karanta takardar a tsaye. Ya ciro jan biro daga aljihun gaban rigarsa, ya zagaye sunan sau huɗu, ya jawo kujera kusa da tasa.

"Ɗana, zauna. Wannan Banerjee naka, wanne ne daga ciki?"

Na ce, "Malam, ai mutum ɗaya ne, sai jikansa."

Ya ce, "Wa ya gaya maka jikansa ne?"

Na yi shiru, don babu wanda ya gaya mini. Ni na ɗinka zancen da kaina.

Ashe mutum biyu ne suka buga a kakar nan. Na Kalkata shi ne Sudangsu Banerjee, wanda ake kira Montu. Ya buga wasa na uku a filin Eden Gardens, ya fitar da mutum biyar, ba a sake kiransa ba. Na Bombay kuwa Sarobindu Nath Banerjee ne, wanda aka fi sani da Shute. Ya buga wasa na biyar a watan Fabrairun 1949, shi ma ya fitar da mutum biyar, shi ma daga nan aka rufe masa ƙofa. Subroto Banerjee na 1992 haifaffen Patna ne, ya fitar da mutum uku a Sidni, a wasan da shahararren ɗan kurket Shane Warne ya fara bugawa Ostireliya, kuma shi ma wannan ne kaɗai babban wasan kwana biyar da ya taɓa bugawa Indiya. Mutum uku, suna ɗaya, harafin farko ɗaya, kowa wasa ɗaya tak.

Labarin Shute ne ya fi tsaya mini a rai, don da shirina ya fita yadda na rubuta shi, da na binne shi gaba ɗaya. Sau biyu ana tafiya da shi Ingila, a 1936 da 1946, ba a sa shi a babban wasa ko sau ɗaya ba. A tafiyar 1946, a karawarsu da ƙungiyar gundumar Surrey a filin Oval na Landan, shi ne na goma sha ɗaya, na ƙarshe a jerin masu bugu, wanda ba a sa ran komai daga gare shi. Ya tarar da Chandu Sarwate, na goma. Su biyun suka tara maki 249 tare, kowannensu ya haura maki ɗari. Mutumin da ya yi wannan ya jira shekara 13 daga tafiyarsa ta farko kafin a ba shi dama guda. Ni kuma da jimla ɗaya na haɗe shi da wani, na ba shi wasan da bai buga ba, na share Montu daga tarihi kamar bai taɓa riƙe ƙwallo ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, har yanzu in na tuna sai na ji nauyi.

Malam bai yi mini faɗa ba. Tambayata ya yi ko duk mai suna Kano ɗan'uwan Malam Aminu Kano ne, ko duk Shagari daga gidan Alhaji Shehu ya fito. Mu mun san yadda makarantar boko ta liƙa wa yara sunan garinsu, shi ya sa ba ma ruɗewa da namu. Na wasu ne muke ɗauka da sauƙi. Ya bayyana mini cewa asalin sunan Bandyopadhyay ne, na wani rukuni na Brahman ɗin Bengal, wato zuriyar malaman addinin Hindu, kuma a zamanin mulkin Turawan Ingila ne siffar Banerjee ta bazu, kamar yadda Mukhopadhyay ya koma Mukherjee, Chattopadhyay ya koma Chatterjee, Gangopadhyay ya koma Ganguly, sunan da Sourav, tsohon kyaftin ɗin Indiya, yake ɗauke da shi. Suna ne na dubban gidaje da ba su san juna ba. Ko rubutunsa ma ba ɗaya ba ne: shugaban farko na jam'iyyar Congress ta Indiya a 1885, Womesh Chandra, Bonnerjee yake rubuta nasa. Abhijit Banerjee da ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 da P. K. Banerjee da ya ci Faransa ƙwallo a gasar Olamfik ta Rum a 1960, suna ne ya tara su a shafi ɗaya.

Daga ranar na sauya yadda nake aiki. Ba na sake yarda da harafi a madadin suna; sai na nemo cikakken sunan, da shekarar haihuwa, da garin. Kalmomin "ɗansa", "jikansa", "ƙanensa" kuwa ba sa shiga rubutuna sai na ga inda aka tabbatar, domin dangantaka a wurinmu ba ƙaramin abu ba ce, kuma ban ga dalilin da zai sa ta mutanen Bengal ta fi tamu arha ba. Hakan yana cin lokaci, wani sa'in a yi ta jirana a ɗakin naɗar shiri, amma na gwammace a jira.

Shirin ya fita ranar Asabar maimakon Alhamis. Na raba minti goman gida uku, na fara da Montu. Da na zo kan sunansa na karanta shi a hankali, Sudangsu Banerjee, Malam yana bayan gilashi da takardar a hannunsa, jan biron yana aljihu.