Kafin ƙanƙara ta dawo: abin da keken dutse ya koya mini da tsada

Ƙannena da kuka zo ƙasashen sanyi karatu ko aiki har kuka ɗanɗana zamiyar ƙanƙara, na san yadda watan Afrilu yake muku. Dusar ta narke, an rufe yawancin filayen zamiya, sai a jingine katakon zamiya, dogayen nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafafu, a lungu har Nuwamba ko Disamba. A nan Insburuk ta ƙasar Ostiriya, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1964 da 1976, mutane ba sa zaman jira. Lif ɗin igiyar da yake hawa da masu zamiya saman Muttereralm, wani dutse kusa da garin, da hunturu, shi ne yake kwasar masu keken dutse da bazara, kuma sau da yawa fuskokin nan ne dai, kaya kawai suka canza. Akwai Ba'amurke Shaun Palmer, gwanin allon zamiya (allo guda da ake ɗaura ƙafa biyu a kai), wanda a 1996 ya zo na biyu a gasar duniya ta gangarowa da keke a Cairns ta Ostareliya. Wannan ba dace ba ne. Wasannin biyu ido ɗaya suke buƙata da tsayuwa ɗaya.

Ni ban fahimci haka da wuri ba. Na shiga harkar da girman kai, wai ni da na tashi ina tuƙa keke cikin yashi da goyon ƙanena a baya, wa zai koya mini keke? Ashe na iya tafiya ne kawai a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Da na ga gangaren farko mai saiwoyi da duwatsu, sai jikina ya yi abin da yake yi a kan ƙanƙara in tsoro ya zo: na ja baya, na miƙe hannuwa sandandan, na maida nauyina gaba ɗaya kan tayar baya. Tayar gaba ta zama ba nauyi a kanta, ba ta kama ƙasa, ina juya kan keken yana tafiya inda ya ga dama. Malamin zamiyata ya sha faɗa mini cewa ina zama a baya, ƙwaurina ba ya danna gaban takalmi, shi ya sa bakin katakon ba ya jin maganata. Na ji shi da kunne shekara guda. Sai da keke ya watsar da ni cikin ciyawa na ji shi da jiki.

Tsayuwar da ta dace ba ta da wuya a faɗa. Ka tashi daga sirdi, feda biyu a daidai da juna, dunduniya ta ɗan yi ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, haɓarka tana saitin kan keken. Nauyi a ƙafa, hannu kuwa riƙo ne kawai mara ƙarfi. Wanda ya taɓa ganin mahayi ya miƙe kan likkafa doki na sukuwa a ƙarƙashinsa ya ga abin: dabbar na motsi, kan mutumin na nan a tsaye. In kekenka yana da sirdin da ake saukewa da maɓalli, sauke shi kafin gangare. In babu, tsaya ka sauke da hannu, ba abin kunya ba ne.

Sai ido, kuma a nan ne keke ya fi biyana. Duk abin da ka zuba wa ido, can za ka nufa. Ka kalli dutsen da kake tsoro, sai ka same shi. Ni tayar gaba nake kallo, don haka komai yana zuwa mini ba zato, kullum ina gyaran abin da ya riga ya wuce. Wata dattijuwa 'yar garin, da ta bi bayana a wata hanya ta gaji da tsaye-tsayena, ta ce in riƙa kallon inda nake son kasancewa bayan daƙiƙa biyu ko uku, in bar wa ƙafafu abin da ke ƙarƙashinsu. A kwana, tun kana shiga idonka ya riga ya fita. Ka sauke fedar waje ƙasa, ka taka ta da nauyinka, ka kwantar da keken fiye da yadda ka kwantar da jikinka. Mai zamiya zai gane wannan nan take, domin katakon waje ne yake ɗaukar nauyi a kwana, ƙafafu na karkata, ƙirji na fuskantar gangare. Masu allo su kam a gicciye suke tsayawa, don haka batun ƙafar waje bai shafe su kai tsaye ba, amma ido da karanta hanya nasu ne su ma. Abin da ya fi yi musu amfani shi ne ɗan filin nan mai tuddai a jere, inda ba a taka feda, sai dai ka sassauta a hawa ka danna a sauka, keken na ƙara gudu da kansa. Yara ne suka cika wurin, za ka ji nauyin shiga. Shiga. Gwiwar da ta koyi haɗiye tudu a can ita ce za ta haɗiye shi a kan dusa.

Birki ne inda wasannin suka rabu, kuma nan na karye. Katakon zamiya ba shi da abin matsawa, da kwana ake rage gudu. Keke kuwa yana ba ka abin da za ka damƙe lokacin firgita, kuma birkin gaba ne ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. A nan yawanci yana hannun hagu, a Ingila kuwa yana dama, don haka ka gwada kafin ka hau keken haya ko na aro. Yatsa ɗaya ya isa. A rage gudu kafin kwana, keke na miƙe, a saki a cikinta. Ni a ƙarshen wani Satumba na bi wasu samari da suka fi ni ƙwarewa cikin hanyar da ta fi ƙarfina, don kada a ce na ji tsoro. Kwana mai tsakuwa ta zo, na damƙi birkin gaba a tsakiyarta, tayar ta zame, na sauka a kan kafaɗa. Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ya karye. Hular kwano ta tsage, kai ya tsira. Abokaina na zamiya a kan ƙanƙarar saman duwatsun Stubai da kaka, ni ina gida hannu a rataye ina koyon sa riga da hannu ɗaya. Na hau keke don in shirya wa hunturu, keken ya cinye mini farkon hunturun. Karambanin akuya ke nan, gai da kura.

Abu biyu na takarda da ba wanda ya gaya mini. Dokar daji ta Ostiriya ta 1975 ta ba kowa damar shiga daji da ƙafa, amma keke sai inda aka ba da izini, don haka ka bi hanyoyin da aka kafa wa alama; wani manomi ya taɓa tsayar da ni ya wanke ni tas, kuma shi ke da gaskiya. Na biyu, inshorar lafiya ta yau da kullum ba lalle ta biya kuɗin jirgi mai saukar ungulu ba in a wajen wasa ka ji rauni a dutse. Shi ya sa mutane da yawa suke shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta Alpenverein, wadda rajistarta ke haɗe da inshorar ceto. Lambar masu ceto a dutse 140 ce, ko 112.

Kada kuma ka yarda da ƙafar keke fiye da kima. Bayan na warke, bazarar da ta biyo na yi ta hawan tudu har numfashina ya yi tsawo, na ɗauka na gama shiri. Ranar farko a kan dusa, kafin azahar cinyoyina na rawa. Dalilin shi ne a kan feda tsoka turawa take yi, a zamiya kuwa tarewa take yi, tana riƙe nauyin da ke danna ka ƙasa a kowace kwana, kuma wannan aikin ne yake sa ciwon jiki washegari. Keke kuma gaba kawai ya sani, ba ya motsa ka gefe da gefe, kuma ya fi gina gaban cinya ya bar bayanta, alhali bayan cinyar ce take taimakon jijiyar cikin gwiwa wadda masu zamiya suka fi tsinkawa. Don haka daga Agusta nake ƙara tsugunno da nauyi ina sauka a hankali, da tsalle gefe da gefe a kan ƙafa ɗaya, da saukowa daga dutse da ƙafa, sau biyu a mako. Da Satumba ta shiga kuma nake barin hanyoyi masu tsalle, in koma masu sauƙi waɗanda na sani, ina maimaita kwana ɗaya har ta zauna, domin ƙashi in ya karye yakan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu, kuma daga ƙarshen Satumba wannan lissafin yana iya kaiwa har cikin Disamba.