Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Aikin Hajiyar Adashe

To jama'a barkanmu da wannan satin. Mun tsaya inda Oga ya fara barina ni kaɗai a shagon kwamfuta a Zariya.

Ana nan wata Hajiya, sakatariyar ƙungiyar matan adashe, ta shigo da filashi ɗaure a bakin mayafi, wai banki sun ce a kai musu sunayen membobi a Excel, manhajar kwamfuta ta jera bayanai da lissafi, suna daban, lambar waya daban, lambar asusu daban. Na buɗe fayil na ga ikon Allah, mata kusan 600 kuma komai a cunkushe cikin gidan A, wato layin farko na tsaye, waƙafi ne kawai tsakaninsu. Har na ce Hajiya ki dawo jibi, don ni a tunanina sai dai in zauna in sake bugawa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani ɗan bautar ƙasa da ke zuwa cajin waya wajenmu, shi ya leƙo yace ƙanwata matsa ki gani. Ya zaɓi A gaba ɗaya, ya shiga Data, ya danna Text to Columns, ya ɗauki Delimited, ya sa alama a Comma, wallahi tun a ɗan akwatin gwaji na ƙasa na ga layuka sun tsaga bayanan gida-gida. Hannuna har yana rawa zan danna Finish yace a'a dakata, mutane a nan suke faɗawa rami. Shafi na uku ya kai ni, ya danna gidan lambar waya da na asusu ya mai da su Text. Ashe in ka bar su a General, Excel lissafi yake ɗaukarsu, sai ya cinye sifirin farko, 080 ta koma 80, lambar asusu mai 10 in da sifiri ta fara ta koma 9 banki su dawo maka da takarda. Kuma yace in tabbatar B da C babu komai, don abin da ya taras a gefe dannewa yake.

Inda muka sha wuya sunayen ne. Bankin na son sunan mutum daban na mahaifi daban, muka sake rabawa da Space, to amma sunayenmu ba sa jin wannan dokar, Nana Aisha suna ɗaya ne ya raba shi biyu, Abdul Aziz haka, ga masu Ɗan wane da masu sa sunan gari a ƙarshe, wasu sun tafi gida biyu wasu har huɗu. Wannan kam da ido muka bi, Hajiya na gefena tana cewa 'yata wannan Talatun ta gidan mai unguwa ce, waccan kishiyarta ce kar ki haɗa su.

Kafin la'asar mun gama. Hajiya ta ce tunda ba a kai jibi ba ai sai a rage mata kuɗi, daidai lokacin Oga ya faka mashin a ƙofar shago. Yadda suka kwashe sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.