Wasiƙa daga Amsterdam a kan waya da zaman majalisa

Zuwa ga 'yan'uwa da ke gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne a kan yadda muke kwana muna tashi da waya a hannu, muna jan allo ba tare da sanin abin da muke nema ba.

Da gangan aka gina manhajojin sada zumunta na waya su riƙe mutum. A shekarar 2006 wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro tsarin shafin da ba ya ƙarewa, daga baya kuma ya fito ya nuna nadama. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa haɗarin damuwa da ƙuncin rai yana ninkawa ga matasan da ke wuce awa 3 kullum a kafafen sada zumunta.

A nan Holan, tun Janairun 2024 aka fitar da wayoyi daga azuzuwan sakandare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙungiyar Offline Club da aka kafa a wannan birni, inda mutane ke biyan kuɗi, su miƙa wayoyinsu a ƙofa, su zauna suna karatu ko hira da wanda ba su taɓa gani ba. Abin da suke saya kenan, alhali mu a gida muna da shi kyauta: majalisar bayan la'asar, hirar tsakar gida, gaishe da mara lafiya, da zumunci, wanda iyayenmu suka ce a ƙafa yake. Yana damuna ƙwarai in ji cewa yanzu samari kan cika benci ɗaya, kowa ya sunkuya kan wayarsa, har a tashi babu wanda ya tambayi wani yadda ya kwana.

Ajiye waya kawai ba ya ɗorewa, sai an cike gurbinta da wani abu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tattaki zuwa gidan ɗan'uwa yana cikin lissafin. Ina roƙonku ku kashe sanarwar manhajojin da ba dole ba, ku daina kai waya wurin cin abinci, da dare kuma ku bar ta a falo, ku nemi ƙaramin agogo ya tashe ku da asuba.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan'uwanku a Amsterdam