Famfon ruwan motata ya mutu ba tare da ya ɗiga ba

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da mota ya san alamomin da ake dubawa idan famfon ruwan inji ya fara gajiya. Ko dai ruwa ya riƙa ɗiga ta ɗan ramin nan da ke ƙarƙashinsa, wanda aka huda musamman don ya nuna cewa abin da ke tare ruwan daga ciki ya saki, ko boris ya fara kuka, ko kuma a kama kan famfon, inda bel yake bi, a girgiza a ji yana wasa. Nawa bai nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma abin da har yanzu yake ƙona mini rai ke nan.

Allurar zafi ce kawai take hawa idan na ɗauki doguwar hanya ko na kama hawan tudu, in na rage gudu kuma sai ta ɗan sauko. Aka sauya murfin lagireto, aka wanke lagireton, aka duba fanka aka tarar lafiyarta ƙalau. Duk bakaniken da ya leƙa famfon sai ya shafa ƙasansa, ya ga hannunsa a bushe, ya ce ba daga nan ba ne. Wani ma ya ba ni shawarar a cire tamostat, wato ɗan makullin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗauki zafi, a jefar, na ƙi, domin an ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai kusan digiri 90, kuma cire tamostat ɓoye cuta ne, ba magani ba. Na ciro shi da kaina na saka a ruwan zafi, na ga ya buɗe yadda ya kamata, na mayar da shi.

Abin da ya tona asirin gwaji ne mai sauƙi. Inji yana da sanyi na buɗe murfin lagireto, na tayar da mota, na jira har tiyon sama ya ɗauki zafi, alamar tamostat ya buɗe. A wannan lokaci ya kamata a ga ruwa yana gudu ta bakin lagireto, musamman idan an taka totur, amma nawa da ƙyar yake motsi. Nan na yanke shawarar kwance famfon ko da kuwa kowa ya ce lafiyarsa lau.

Da na fito da shi na juya bayansa, sai na tarar fukafukan da ke tura ruwa sun cinye, sun zama kamar haƙoran tsohon zarto, wasu ma guntayensu kawai suka rage. Sandar tana juyawa sumul, boris ba ya ƙara, babu ɗigo, amma babu abin da zai tura ruwa zuwa cikin inji. Tsatsa ce ta yi wannan aiki, kuma jan ruwan da ya zubo daga cikin injin ya nuna mini cewa wanda ya riƙe motar kafin ni tsurar ruwa yake zuba mata. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ruwan sanyaya inji na kwalba amfaninsa hana daskarewa ne kawai, alhali a cikinsa akwai sinadaran da ke hana ƙarfe da alminiyom tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, murfin lagireto kuma ya riƙe matsinsa, sai zafi ya wuce digiri 120 kafin ya tafasa. Tsurar ruwa kuwa tana barin ƙanzo a ramukan lagireto, tana cin famfo daga ciki inda ido ba ya gani.

Ɗaura sabon bai ba ni wahala ba, don nawa bel ɗin waje ne yake juya shi. A motocin da bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin sassan cikin inji, ke juya famfo, hankali shi ne a sauya su tare, tun da kwancewar ɗaya ce. Notunan ba tsawonsu ɗaya ba, saboda haka na soke kowanne a jikin kwali daidai da mazauninsa. Na kankare tsohon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin famfo da jikin inji don hana ɗigo, da abin roba don kada in karce alminiyom, na ɗaure notunan a gicciye kaɗan-kaɗan ba tare da matsawa fiye da ƙima ba. Bayan na zuba sabon ruwa na kunna hita har ƙarshe, na bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa, domin iskar da ta maƙale a ciki tana iya sa inji zafi ko da famfon sabo ne dal. Tsohon ruwan kuma na tara shi a jarka na rufe, don guba ne mai zaƙi da ke jan yara da dabbobi.

Inda na fi daɗewa shi ne wanke cikin injin, domin na san idan na bar wannan tsatsa, sabon famfon ma hanyar tsohon zai bi. Na yi ta zuba ruwa ina fitarwa har ya fara fitowa garau. Allurar ta zauna a tsakiya tun daga ranar, kuma na ji daɗi ƙwarai da injin bai kai ga ƙona gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ba, wanda da ya faru da aikin ya ninka. Duk da haka, da na sake duba ruwan bayan 'yan watanni na ga da sauran ja a cikinsa, saboda haka zan sake wankewa in sauya shi tun kafin lokacin da littafin motar ya tanada.