Tsohon injin huɗa na Baba

Yau maƙwabcina a lambu ya kawo sabon injin huɗa na hannu, ja ɗaya ya tashi, wallahi sai da raina ya biya. Nawa kuwa tsohon Honda ne da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa, kwanan nan sai ya tashi ya mutu. Da la'asar na ɗora shi a adaidaita sahu zuwa wurin wani dattijon bakanike a Ƙofar Ruwa, da niyyar in ji nawa za a saya.

Dattijon bai ce komai ba, ya kwance kabureta. Tsohon fetur ya daskare a ciki, ƙurar hunturu kuma ta toshe matatar iska. Ya wanke, ya sauya fulogi da baƙin mai. Da ya ja igiya, ƙarar da na sani tun ina yaro ta dawo, sai na ji ƙwalla. Ya ce, "Ɗana, wannan kayan gyaransa ko'ina akwai. In za ka sayi sabo, fara tambayar inda ake samun haƙoransa da bel. In kuma za ka daɗe ba ka yi aiki da shi ba, juye fetur ɗin." Sabon ya fi sauƙin sarrafawa, ba musu, amma ban shirya rabuwa da na Baba ba tukuna.