Wai mutum biyu take ci wa

Jiya na leƙa gidan ƙanwata, cikinta wata biyar, na tarar da ita kwance a doguwar kujera tana danna waya, gefenta kofin Maltina an tsiyaya madarar gwangwani, ga fanke a leda, ga Indomie da ƙwai biyu. Na ce ke wannan fa? Ta ce Yaya ai mutum biyu nake ci wa. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don maganar da na riƙa yi ke nan a cikina na fari.

Ni laulayi ne ya fara wahalar da ni, wata uku ko ƙamshin miya ba na so, da ya sake ni sai na shiga ramuwa. Tuwo malmala uku, lemon kwalba kamar ruwan sha, maigida kullum dare sai ya shigo da tsire, surukata kuma ta hana ni ko shara wai kar cikin ya zube, duk wanda ya zo sai ya ce kai hutu ya karɓe ki. To ina laifina, yarinya ce ni, kowa turo min kwano yake. Amma dai da laifina, don awo ma na daina zuwa saboda layi, da na koma nas ta ɗora ni kan sikeli ta kalle ni ta kalli katin, na ƙara sama da kilo 20. Gwaji ya nuna suga irin na masu ciki, jinina ya hau, yaron ya wuce kilo 4, ƙarshe tiyata aka yi min. Har yau tumbin nan bai koma ba.

Sai a lokacin likita ke gaya min mace mai matsakaicin jiki kilo 11.5 zuwa 16 ya kamata ta ƙara duk tsawon cikin, mai ƙiba sosai kuwa 5 zuwa 9, kuma watanni ukun farko ba a buƙatar ƙarin abinci, daga baya ma ɗan kaɗan ne, kamar kofin nono da ayaba da ɗan ƙuli.

Na so in jero muku shawarwari da yawa amma ku yaran yanzu wa ke saurare. Ku bar lemon kwalba da sukari a kunu. Ku tashi ku taka ƙafa ko na rabin awa ne a tsakar gida. Ku je awo, a auna muku suga tsakanin sati 24 da 28. Kuma kar wata ta ce na ce ta zauna da yunwa don tsoron ƙiba, a'a, ki ci wake da zogale da kifi ki ƙoshi, in kwaɗayin tsiren ya taso ma ki ci abinki, ni wa ya hana ni.

Ita dai ƙanwar tawa ta ce to Yaya, idonta na kan waya. Da zan fito na ɗauke ledar fanken, a keke napep na cinye biyu.